Fijo Mai Tobo da Fijon Kawuna

A ƙarƙashin mangwaron da ke bayan gidanmu a Kauru akwai wata Fijo 504 wagan da ta fi shekara goma ba ta motsa ba. Ta kawuna ce. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na yin ƙwai a kujerar baya, amma zakin da ke goshinta yana nan daram. Da ita ya yi jigilar fasinja da buhunan masara tsakanin Kauru da Pambeguwa da Kaduna, tun ina ɗan firamare. In damina ta yi nisa hanya ta caɓe, ita ce ke wucewa ta bar sauran motoci suna jiran masu turi.

Bara na nuna masa hoton wata 'yar ƙaramar Fijo mai launin toka a wayata, na ce masa irinta kan wuce Yuro 100,000 a kasuwar gwanjo ta Turai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan 'yar ƙwaryar? Me aka zuba a cikinta?"

Sunanta Peugeot 205 Turbo 16, kuma tambayar kawu tana da amsa. A farkon shekarun 1980 hukumar tseren motoci ta duniya ta buɗe wani rukuni da ake kira Group B, inda aka sakar wa kamfanoni mara su ƙera abin da suka ga dama, da sharaɗin sai sun yi guda 200 na hawa a titi. Peugeot ta cika sharaɗin a 1984. A ido, motar ta yi kama da 205 ɗin da ake zuwa cefane da ita a Faransa. A ciki kuwa an cire kujerar baya an dasa inji a wurin, a bayan direba, kuma duka tayoyi huɗu ne ke ja. Injin bai kai lita biyu ba, amma ta titin tana da ƙarfin doki wajen 200, ta tseren kuma ta ninka haka. Sirrin yana cikin abin da makanikanmu ke kira tobo.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san aikin tobo. Gawayi ɗaya ne, amma da yaro ya kama zugazugi sai wuta ta yi ja, ƙarfe ya yi laushi. Inji ma wuta ce ke cikinsa, mai da iska take ci. Hayaƙin da zai fita ta salansa a banza, shi ake bi da shi ta kan wata 'yar farfela. Ita kuma tana haɗe da wata a sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Farfelar nan kan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da zai sa ƙarfe ya yi jawur, shi ya sa tobo ba ya yafe wa mai wasa da juyen baƙin mai, ko mai kashe mota nan take bayan doguwar tafiya. Tsofaffin tobo suna da wata ɗabi'a: ka taka totur, motar ta yi kamar ba ta ji ba, sai can hayaƙi ya taru, ta zabura kamar an tsikari doki. Injiniyoyi sun yi shekaru suna maganin wannan jinkiri, masu tara motoci kuwa zaburar suke biya da tsada, ko a wannan Fijo ko a Porsche 911 Turbo da ta fito a 1975.

Sai kuma tarihi. Da 205 Turbo 16 Timo Salonen ya ci kambin duniya a 1985, Juha Kankkunen ya ci a 1986. A shekarar ne aka soke Group B bayan mutuwar direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa a tsibirin Kosika, don gudun motocin ya fi ƙarfin hanyoyin. Peugeot ta juyo da motarta Afirka. A 1987 Ari Vatanen, wanda ya sha da ƙyar a wani mummunan haɗari a Ajantina a 1985, ya ci tseren Paris zuwa Dakar da ita, ta cikin rairayin Tenere da Agadas a Nijar. Ke nan akwai masu jin Hausa da suka ga ƙurarta da idonsu. Mai sayenta a yau yana sayen ƙarancinta, da wannan labari, da tabbacin cewa ba za a sake yin irinta ba. Kuma kafin ya fitar da ko sisi zai duba lambar inji, ya ga ko fentin na asali ne, ya nemi takardu tun daga mai ita na farko.

Wannan bincike na masu saye shi ya tsaya mini a rai, domin mu ma muna da motar da ta cika yawancin sharuɗɗan. 504 ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransa ta daina yin 504 ta hawa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har wajen 2006, da hannun 'ya'yanmu. Gwamna ya hau ta, ɗan sanda ya hau ta, an kai amarya da ita, an kai mai naƙuda asibitin Kafanchan da ita cikin dare. Ba ta da tobo, ba ta kuma da ƙarancin 205 a lokacinta. Ƙarancin yanzu yake zuwa, kuma mu ke kawo shi: kullum ana yanka su ana aunawa a kilo, sassan su ƙare a kasuwar Panteka, sauran a narke. Yana yi mini ciwo in ga motar da aka haɗa a jiharmu, wadda ta ciyar da gidaje da yawa, tana tafiya a kan kurar 'yan gwangwan gunduwa-gunduwa.

Sau biyu 'yan gwangwan suka zo taya ta kawu, sau biyu yana sallamarsu. Da rani ya shigo na ɗauko wani tsohon bakanike daga Saminaka, wanda ya koyi aiki a kan Fijo. Muka ɗaga ta a kan bulo, muka kwashe sheƙar kaji. Ya cire filogi, ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar ta kwana uku. A rana ta huɗu ya sa sifana ya danna, injin ya juya a hankali. Kawu ya shiga ɗaki ya fito da wata leda da ta sha ninki, a ciki akwai rasiɗin sayen motar da littafin da aka ba shi tare da ita, gefensa duk tabon baƙin mai. Bakaniken ya karɓa da hannu biyu, ya gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin inji, ya ɗago ya ce, "Baba, ba a taɓa canja mata inji ba." Yanzu lagireto da kafireta muke nema, an ce mu leƙa Panteka ranar Asabar.