Fim Ɗin The Matrix da Tambayar da Ta Girme Shi

A shekarar 1999 aka saki The Matrix, fim ɗin Amurka wanda 'yan gidan Wachowski suka ba da umarni, ya kuma lashe kyautar Oscar huɗu. Keanu Reeves ne ya fito a matsayin Neo, masanin kwamfuta da ya gano cewa garinsu da aikinsa da abincin da yake ci duk shirin kwamfuta ne. Jikinsa na ainihi yana kwance cikin wani kwarmin ruwa, an jona masa waya a ƙeya, injuna suna tatsar makamashinsa.

Labarin yana da tushe a kimiyya. Ƙwaƙwalwa a cikin duhun ƙoƙon kai take zaune, ba ta taɓa yin ido biyu da haske ba. Jijiyoyi ne ke kai mata saƙonnin lantarki daga ido da kunne da fata, da su take haɗa hoton duniya. Wanda duk ya iya ƙirƙirar waɗannan saƙonni, to ya iya ruɗar ta.

Malamai sun daɗe da hango wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lura cewa mai barci yana gaskata mafarkinsa har sai ya farka, sai ya tambaya: me ke tabbatar da cewa farkawar ita ma ba wani mafarkin ba ce? A 1641 Descartes na Faransa ya kawo misalin aljani mayaudari da ke juya tunanin mutum.

To ina fasaha ta kai? Tun 1968 Ivan Sutherland ya ƙera na'urar kallo da ake ɗaurawa a kai, kuma a 2014 Facebook ya sayi kamfanin Oculus, mai ƙera irin wannan na'ura, kan kusan dala biliyan 2. Tabarau irin nasu yana nuna wa kowane ido hoto mai ɗan bambanci, yana juya hoton yadda kai ya juya, sai mutum ya ji kamar yana cikin wurin. Amma can cikin kunne akwai sashen da ke auna motsin jiki. Idan ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana zaune, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya.

Na'urorin yau suna iya ruɗar ido da ji na ɗan lokaci, amma ruɗar jiki gaba ɗaya irin na Neo har yanzu a fim kawai yake.