Gargaɗi Ga Masu Neman Aiki Da Iyayensu: Kada Ku Biya Kuɗin Gurbi

Jama'ar Ambursa, da na Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan bakin fadama! Wannan gargaɗi ne na gaggawa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo wa ɗanku aikin gwamnati, kada ku ba shi ko sisi. Ko ɗan gari ne, ko da babbar riga ya zo, ko ya yi rantsuwa har sau goma.

Kowa ya san halin da ake ciki. Duk shekara Kwalejin Waziri Umaru na yaye ɗalibai, haka Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar Aliero da Kwalejin Adamu Augie ta Argungu. Yaro ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida da kwalinsa a leda. Neman aikin ma yanzu ya koma cikin waya: a sayi data, a je shagon kwamfuta cika fom, shafin ya ƙi buɗewa, sabis ya ɗauke ana tsakiyar ɗora hoto, a sake biyan mai shago. Daga nan shiru, ba eh ba a'a. Wannan gajiyar ita ce jarin 'yan damfara.

Kala biyu ne. Akwai na waya, wanda zai jefo saƙo a WhatsApp ko Facebook cewa Kwastam ko Imigireshin ko NNPC na ɗaukar ma'aikata, a latsa nan kafin gobe. Ka latsa, a nemi NIN da BVN, can a kira ka da murya mai daɗi a ce ka karanto lambar da ta shigo wayarka. Kana karantowa, abin da ke asusunka ya tafi.

Na biyun ya fi muni, domin fuskarsa sananniya ce. Shi ne mai cewa, "Alhaji, ina da hanya a Abuja, oga ya ba ni gurbi biyu, na ce bari in fara da gida." Ba ya neman kuɗin a dunƙule. Yau na fom, jibi na gwajin lafiya, wani sati na goron wanda zai sa hannu. Uba ya fitar da buhunan shinkafar da ya ajiye don cin gida, uwa ta kai akuyarta kasuwa, wani har gonar fadama yake jinginarwa. A ƙarshe a kawo takardar kama aiki mai tambarin Najeriya, wadda kowane mai kwamfuta zai iya bugawa. A yi walima, a raka yaro tasha. Sai a ƙofar ofis zai ji cewa ba a san da sunansa ba.

Wani zai ce ai ana sayar da aikin a ƙasar nan. Ba a musa ba. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, har wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa ya amsa cewa ya karɓi kuɗin masu neman aiki. To amma su wa suka zo gaban kwamitin suna kokawa? Waɗanda suka biya. Sannan ku tuna 15 ga Maris, 2014, ranar da dubban ɗaruruwan matasa da aka karɓi naira 1,000 a hannun kowannensu suka cika filayen wasa don jarrabawar Imigireshin, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, turmutsitsi ya ci rayuka fiye da 10. Idan abin da aka shirya a hukumance ya ƙare haka, me kuke tsammani daga mutumin da ko ofis ba shi da shi?

Soja, 'yan sanda, Kwastam, da hukumar CDCFIB mai ɗaukar ma'aikatan Sibil Difens da Imigireshin da gidan gyaran hali da kashe gobara, duk sun sha nanatawa cewa cika fom ɗinsu kyauta ne. Yawanci adireshin shafin gwamnati da gov.ng yake ƙarewa, na soja kuma mil.ng. Kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun mutum ɗaya, balle a ce a tura ta wurin mai POS. Idan kuna shakka, waɗannan hukumomi na da ofisoshi a Birnin Kebbi, kuma daga Ambursa ba wata tafiya ba ce. Ku je ku tambaya da bakinku. Takardun makaranta na asali kuwa kada su bar hannunku, hotonsu ya isa.

'Yan mata, ku kula ƙwarai. Ba a gwajin ɗaukar aiki a ɗakin otal. Wanda kuma ya yi muku alkawarin aikatau a Libiya ko ƙasashen Larabawa, ya ce za a bi da ku ta Kamba zuwa Agadas ba takarda, fataucin mutane yake yi, kuma hukumar NAPTIP aka kafa don irinsa.

Abin da ke raya wannan sana'a shi ne kunya. An cuci gida, a yi shiru don kada a yi dariya, ko don macucin surukin wane ne, shi kuwa ya wuce gida na gaba. Wanda abin ya riga ya faɗa wa, ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin waya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato.

Limamai da masu unguwanni, don Allah a sanar da wannan bayan sallar Juma'a da wuraren ɗaurin aure. Wanda ya karanta kuma, ya karanta wa iyayen da ba su iya boko ba, domin su ake fara zuwa wa.