Dalilan Daɗewar Faifan "Try and Love" a Kunnen Masu Sauraro: Nazari Daga Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana dalilan da suka sa wani faifan kiɗan jita da aka fitar a Legas a 1973, watau "Try and Love" na ƙungiyar Ofege, har yanzu bai gundiri masu saurarensa ba. Za a dubi al'amarin ne daga unguwannin kudancin Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Barnawa. A Kakuri ne na fara jin faifan, wurin wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya adana shi cikin akwati tare da takardunsa na aiki. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa Sashen Hausa da kiɗan samarin Legas masu waƙa da Turanci? Za a amsa wannan tambaya kafin a kammala.

Asalin Faifan

Bayan da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu na 1970, samarin biranen Nijeriya suka dukufa ga wani salon kiɗa da ake kira rok, wanda ginshiƙinsa shi ne jita mai aiki da lantarki. Sun ji yadda Jimi Hendrix da Carlos Santana suke kaɗa ta a Amurka, suka ɗauka, suka gauraya da kiɗan gangunan gida. A cikin waɗannan samari akwai 'yan makarantar St. Gregory da ke Obalende a Legas, waɗanda suka kafa Ofege tun ba su gama sakandare ba. Melvin Ukachi shi ne jagoran waƙarsu.

Kamfanin EMI ne ya buga faifan, Odion Iruoje kuwa shi ya shirya ɗaukar sautin. Da yake yaran ba su gama ƙwarewa ba, sai aka kawo Berkley Jones, makaɗin jita na ƙungiyar BLO, ya kaɗa musu babbar jita. Shi Jones ɗin da abokansa sun riga sun zaga Turai da Amurka tare da Ginger Baker, Baturen Ingila mai kiɗan ganga. A cikin wannan shekara ta 1973 ne kuma Paul McCartney ya zo ɗakin ɗaukar sauti na EMI a Apapa ya ɗauki mafi yawan faifansa "Band on the Run". Wannan ya nuna cewa Legas ta lokacin ba a bayan fage take ba a harkar.

Kudancin Kaduna a Wancan Zamani

Faifai ba ya tafiya sai inda akwai mai saye da abin juya shi. Kudancin Kaduna yana da duka biyun. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, sa'an nan Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975. Waɗannan masana'antu sun jawo ma'aikata daga ko'ina: Hausawa da Fulani, Bajju da Atyap, Tibi da Idoma, Nufawa da Yarabawa da Ibo, ga kuma Gbagyi 'yan ƙasa. Hausa ce harshen da ya haɗa mafi yawansu a kasuwa da gidan haya.

Bugu da ƙari, a 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas. Kuɗi suka shigo hannun samari a dunƙule, da yawansu kuwa suka sayi rediyo da garmaho mai lantarki. A gidan haya mai ɗakuna jere, in mutum ɗaya ya sa faifai, to duk gidan ya ji, ko yana so ko ba ya so. Ta haka ne kiɗa irin na Ofege ya shiga kunnuwan mutanen da da safe suka saurari Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos a gidan rediyon Kaduna.

Dalilan Daɗewarsa

Dalili na farko yana cikin sautin jitar kanta. Makaɗan rok suna haɗa jita da wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, mai sa sautin ya yi kaushi, ya daɗe yana gurnani kafin ya mutu. Haka kuma makaɗin yakan danna tsirkiya ya ja ta gefe, sautin ya lanƙwasa kamar muryar mai kuka. Jones ya yi amfani da waɗannan dabaru, amma ba ya cika wuri da su. Yakan bari mawaƙi ya kai aya, sa'an nan jita ta amsa. Kunnen Bahaushe ya san wannan tsari sarai, domin shi ne na jagora da 'yan amshi, sai dai a nan tsirkiya ce take karɓa.

Dalili na biyu shi ne dangantakar jita da kayan kiɗanmu masu tsirkiya. Kuntigin Ɗanmaraya tsirkiya ɗaya gare shi, garaya da gurmi biyu, molo kuwa uku. Jita tana da shida, amma aikinta a hannun makaɗin rok ya yi kusa da na waɗannan: a ɗauki gajeren zubi a yi ta maimaita shi, ana ɗan sauya shi kaɗan-kaɗan, har ya zauna a jikin mai sauraro. Har ila yau, yawancin zubin jitar rok an gina shi ne a kan matakan sauti biyar, waɗanda su ne aka fi ji a kaɗe-kaɗen Hausa da dama. Saboda haka, mutumin da bai ji kalma ɗaya ta Turancin waƙar ba yana iya bin jitar ba tare da ya ɓace ba.

Dalili na uku shi ne ƙuruciyar muryoyin. Yara ne 'yan makaranta suke waƙa a kan soyayya da zaman duniya gwargwadon saninsu. Muryar ba ta gogu ba, wani lokaci ma takan yi rawa. Da an goge ta sosai da ta bi yayin shekararta ta wuce tare da shi. Amma kowane zamani yana da samarinsa, kuma saurayin yau yakan gane ɗan'uwansa a cikin wannan murya.

Dalili na huɗu ya shafi sigar faifan garmaho. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, kowane gefe yana ɗaukar kimanin minti ashirin. Wannan ƙuncin wuri yakan tilasta wa mai shiryawa ya zubar da abin da bai kai ba, ya kuma jera waƙoƙi yadda wata za ta miƙa wa wata. Mai sauraro shi ma yakan zauna ya ji gefe guda ɗungurungum kafin ya tashi ya juya. Abin da aka saurara da irin wannan natsuwa ba ya saurin fita daga zuciya.

Dalili na biyar, wanda ya fi nauyi a Kaduna, shi ne tunawa. Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta dakatar da aiki a 2007. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa jama'a ƙaura, yawancin Musulmi suka koma arewacin kogi, yawancin Kirista suka taru a kudancinsa. Ga wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kakuri kafin wannan rabuwa, faifan yana dawo masa da gidan hayar da Musa da Musa biyu, ɗaya mai zuwa masallaci ɗaya mai zuwa coci, suke karɓa-karɓa da allurar garmaho. Lalle an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Dushewa da Farfaɗowa

Ofege sun ƙara fitar da faya-fayai kafin ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan ƙungiyar ta watse. Kiɗan disko ya karɓe fage, kaset ya kori garmaho, masu satar fasaha suka karya kasuwa. Faya-fayai da yawa suka lalace a ɗakunan ajiya, wasu kuma masu tarawa daga Turai da Amurka suka saye su. Daga can ne aka farfaɗo da salon: kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin "Nigeria Rock Special" a 2008, Now-Again na Amurka kuma ya fitar da "Wake Up You!" a 2016. Shi kansa "Try and Love" an sake buga shi a waje, yau kuma ana samunsa a intanet. A gefe guda, makaɗan jita na ƙasar Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar sun nuna wa duniya cewa jitar lantarki ta zama 'yar gida a wannan yanki namu.

Kammalawa

Mu koma ga tambayar farko. Nazarin Hausa ya yi nisa wajen tattara waƙoƙin fada da na noma da na maza, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Amma Bahaushen birni bai taɓa sauraren abu ɗaya kaɗai ba. Wanda yake son ya fahimci yadda jita da piyano suka sami wurin zama a waƙoƙin Hausa na zamani, dole ya san abin da kunnuwan iyaye suka saba da shi a Kakuri da Sabon Garin Kano a shekarun 1970. Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu sun haura shekara sittin, wasu saba'in. Shawarar da zan ba 'yan'uwana ɗalibai ita ce, mai neman batun kundin kammala digiri ya ɗauki rakoda ya ƙetare gada, ya zauna da waɗannan dattawa, ya rubuta abin da suka saurara, da inda suka saya, da kalmomin Hausa da suke kiran kayan kiɗan da su, tun suna da ƙarfin ba da labari.