Kifin Koi Da Yadda Ake Gina Masa Tafki

Jama'a, wanda ya saba shiga manyan masaukai ko gidajen masu hali a Ankara, mai yiwuwa ya taɓa ganin wani ɗan tafki a farfajiya, da kifaye masu ja da fari da ruwan zinariya suna kai da kawowa a ciki. Sunan wannan kifi koi. Ba na miya ba ne, na kallo ne kurum.

Asalinsa daga ƙasar Japan ne. Manoman shinkafa na Yamakoshi da Ojiya, cikin lardin Nigata, su ke kiwon kakanninsa don ci lokacin sanyi. Wajen shekara 200 da suka wuce sai suka lura waɗansu suna fitowa da launi, suka riƙa ware su suna haɗa su. Sauran ƙasar ba ta san da shi sosai ba sai da aka kai shi wani babban nuni a Tokiyo cikin 1914. A 2018 kuwa an sayar da guda ɗaya tak a kan yen miliyan 203.

To, mai son ya gina, abin da zai fara sani shi ne koi ba tarwaɗa ba ne. Tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, ko a taɓo ta rayu. Koi kuwa ransa duka yana ga ruwan. Ya fi jin daɗin ruwa mai sanyi-sanyi, digiri 15 zuwa 25, mu kuwa kun san zafin ƙasarmu, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take yi. Saboda haka a zaɓi wurin da inuwa ke rufewa da tsakar rana, amma ba gindin mangwaro ba, don ganye zai riƙa ruɓewa a ciki. Zurfi kada ya gaza ƙafa 4, gama ruwa mai zurfi ba ya saurin zafi. Ɗan kifin da aka sayo kamar yatsa yana iya wuce ƙafa 2, ya kuma yi shekara 25 ko fiye, don haka a ƙaddara wa kowane ɗaya lita 1,000.

Sabon siminti guba ne gare shi. Sai a cika tafkin, a bar shi kwanaki, a zubar, a wanke, a maimaita haka har makonni. Ruwan famfo ma akwai maganin kulorin a ciki, tilas a sa abin da ke kashe shi tukuna.

Amma inda aka fi yin hasara shi ne wajen mataci. Kashin kifi da numfashinsa suna fid da wani dafi wai shi amoniya. Ruwan yana nan garau, ido ba ya ganin kome, kifi kuwa yana mutuwa. Masu cinye dafin nan waɗansu ƙananan halittu ne da ke zama cikin matacin, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Watau mai gaggawa da ya zuba kifi goma ranar farko, kuɗinsa ya zuba. A fara da biyu ko uku. Kada kuma a wanke matacin da ruwan famfo, a ɗebi na tafkin. Kowane mako a sauya kashi ɗaya cikin goma na ruwan, abinci kuwa a ba su abin da za su cinye cikin minti 5.

Injin da ke juya ruwa dare da rana zai yi ta aiki. Waɗanda suka ga dumso na 2015 ba sai an yi musu bayani ba: daren zafi guda ba wuta ya isa ya kashe manyan kifayen. A tanadi ɗan injin iska mai batir.

Sauro ba abin tsoro ba ne, kifin yana cinye 'ya'yansa. Abin tsoro yara. Gidajenmu na zango ba a rasa mai rarrafe, ko na gida ko na maƙwabta, ruwa ƙafa 4 kuwa ya fi ƙarfinsa. A ganina wanda ba shi da halin kewaye tafkin da shinge mai ƙofa da kwaɗo, ya dakata da ginin tukuna.