Gidan hutu: alamar arziki ko jarin da aka kulle?

Masu iya magana na cewa, iya ruwa fid da kai. A kasuwanninmu na kan iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, idan Allah ya buɗa wa mutum, abu na farko da jama'a ke tambaya shi ne: ya yi gini a garinsu? Sai ka ga katafaren gida a ƙauye, ƙofa a kulle shekara guda, ba a buɗe ta sai da Sallah ko biki. Turawa ma suna da irin wannan gida, suna ce masa gidan hutu, kuma labarinsa a ƙasar Faransa abin dubawa ne gare mu.

A can, sai a shekarar 1936 ne doka ta ba ma'aikata hutun mako biyu tare da albashi, aka kai shi mako biyar a 1982. Kafin nan, zuwa bakin teku shan iska harkar masu hannu da shuni ce kawai. Yau hutu ya zama na kowa, amma mallakar gidan hutu bai zama na kowa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, INSEE, ta ce gidajen sun haura miliyan 3, wato kusan gida ɗaya cikin kowane goma. Binciken da ta fitar a 2021 ya nuna cewa biyu cikin uku na hannun masu shekara 60 ko fiye, kuma kimanin ɗaya cikin uku na hannun iyalan da suka fi kowa samu. Ke nan, sai wanda ya gama biyan kuɗin gidan zamansa, ko ya ci gado, yake tunanin na biyu.

To, su wa ke shan wahalar abin? Ƴan gari ne. Idan baƙi masu kuɗi suka yi rububin sayen gidaje a garin masunta, farashi sai ya tashi, saurayin da aka haifa a wurin ya kasa samun ɗakin haya, alhali gidaje na rufe yawancin shekara. Tun 2023 gwamnati ta soke harajin zama a kan gidan da mutum ke kwana a cikinsa, ta bar shi a kan na hutu. A garuruwan da ake ƙarancin muhalli, ma'aikatar magajin gari na da ikon ƙara kashi 5 zuwa 60 cikin ɗari a kai.

Mu namu ya ɗan bambanta. Gidan ƙauye yana sada zumunci, yana sauke baƙi, kuma wanda ya ga yadda aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ko yadda naira ta zube daga 2023, ya san fili da gini sun fi takardar kuɗi riƙe daraja. Amma ɗan kasuwa ba ma'aikacin gwamnati ba ne mai jiran fansho. Ƙarfinsa juya jari ne, bulo kuwa ba ya juyawa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar daga 2023 zuwa Maris 2024, ciniki ya tsaya, masu bashi ba su tsaya ba. A irin wannan lokaci, babban gida a ƙauye ba ya samun mai saye, domin masu iya sayensa su ma suna cikin matsi.

Saboda haka, kafin mu aza harsashi mu yi lissafi: kuɗin mai gadi, gyaran rufi bayan damina, ɓarnar gara, da ribar da kuɗin za su kawo in suna cikin shago. Mu tabbatar fili yana da takarda, kada ya zama rigimar magada. In ginin zai ci uwar kuɗi, to a dakata. Daidai ruwa daidai tsaki. Gidan da aka gina don a gani, ran da kasuwa ta juya, masu kallon ba su ne za su biya bashi ba.