Mi ya sa kusa ba su ƙarewa?

Manoma da yawa suna kuka: an kashe kusa bara, bana ga su cikin rumbu kuma. Dalilin yana ga jikin macce.

In an kama kusu, a juya cikinshi a duba. Ga namiji, akwai tazara tsakanin wurin fitsari da dubura. Ga macce, dab suke da juna, kuma tana da nonuwa. A ƙirga su. Gafiya tana da 8, ƙaramin kusun gida 10. Amma akwai wani kusu na gona da rumbu wanda maccen take da nonuwa har 24. Shi ne babban ɓarawon hatsi.

Cikinta kwana 23 ne kawai. Tana haihuwar ɗiya 10 zuwa 12, wani lokaci fiye. Gafiya kuwa sai ta yi kamar wata guda da ciki, ɗiyanta ba su cika wuce 4 ba. Abin mamaki, kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, namiji yana iya sake barbarar maccen kusu. Tana shayarwa, ga wani ciki. Ɗiyan ma, in sun yi kamar wata 3, sai su fara tasu haihuwa.

Haihuwar nan abinci take bi. Ta fi ƙarfi daga ƙarshen damana zuwa kaka. A 1975 da 1976, da ruwa suka dawo bayan babban fari, kusa sun yi mummunar ɓarna cikin gonakin Senegal.

A ƙarshen rani ba su da yawa. Lokacin ne ya kamata gari duka ya ɗana tarko, a toshe ramu, a share gindin rumbuna, tun ba a yi shibka ba.