Taswirar Ƙasar Da Babu Ita: Abin Da Zanen Duniyar Almara Ya Koya Mini

Akwai wata ƙasa da na shafe kusan shekara uku ina zana taswirarta a kwamfuta. Na san kogunanta da duwatsunta da ranakun cin kasuwanninta, amma babu jirgin da zai kai mutum can, domin kuwa babu ita a bayan ƙasa. Na tabbata wani mai karatu zai yi tsaki, ya ce ina ruwan magidanci, ma'aikacin safiyo, da wasan yara? Ina roƙon a yi mini uzuri a saurari bayani, saboda wannan abin da ake gani kamar shiririta ya tuna mini da wani darasi na sana'ata wanda na fara sakaci da shi.

Bari in fara da bayyana wasan, tun da ba kowa ya san shi ba a wajenmu. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a kewaye da tebur, kowanne ya ɗauki matsayin wani ɗan cikin labari, wani jarumi, wani fatake, wani mai magani. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora, shi ke bayyana musu inda suke da abin da ya tunkaro su. Su kuwa su faɗi abin da za su yi, sannan a jefa ƙwayar lido, wata ma mai fuska ashirin, domin a ga ko an yi nasara ko an faɗi. A taƙaice dai tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da bakin magana a cikinta. Na koyi wasan ne sa'ad da nake ƙaro ilimi a Ingila, yanzu kuma ni da wasu abokai biyar muna yin sa ta intanet duk daren Asabar, ni ne jagora.

To ina taswira ta shigo? Mai ba da tatsuniya yana iya cewa Gizo ya yi ta tafiya har ya isa, babu mai tambayarsa kwana nawa. Amma a wannan wasa sai an tambaya, domin 'yan wasa ne ke zaɓar hanya, su auna guzuri, su yanke shawarar ko su bi ta daji ko su zaga ta gari. Dokokin wasan na bugun 2014 sun ƙayyade cewa matafiyi a ƙasa, cikin tafiya madaidaiciya, yana cin mil 24 a yini, wato kusan kilomita 39. Shi ya sa ake raba taswira gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, saboda daga tsakiyar kowane gida zuwa tsakiyar maƙwabtansa shida nisan ɗaya ne. Shahararriyar taswirar ƙasar Greyhawk, wadda wata mai zane da ake kira Darlene ta yi wa Gygax aka buga a 1980, kowane gida a cikinta mil 30 ne. Tun kafin su ma, marubucin nan na Ingila J. R. R. Tolkien ya bayyana a wata wasiƙa ta 1954 cewa da taswira ya fara, sannan ya daidaita labarinsa da ita, yana mai lura da nisan wurare, domin wanda ya yi akasin haka zai faɗa cikin ruɗani.

A da, da alƙalami da takarda ake wannan aiki. A 1993 wani kamfani na Ingila mai suna ProFantasy ya fitar da manhajar Campaign Cartographer, wadda aka gina a kan irin manhajar da injiniyoyi ke zanen gini da ita. Daga baya aka sami irin su Inkarnate da Wonderdraft, waɗanda ke ba mutum duwatsu da itatuwa da ganuwa a shirye, nasa kawai ya ɗora. Amfanin kwamfuta a nan shi ne ana zane hawa-hawa, kamar an jera takardu masu shara-shara: gaɓar teku a ƙasa, tudu da gangare a kanta, sai ruwa, sai dazuzzuka, sai hanyoyi da garuruwa, sai sunaye a can sama. Ana iya gyara hawa ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba, ana kuma iya ɓoye wa 'yan wasa hawan da ke ɗauke da asirai har sai sun gano su da kansu.

Wannan sauƙin ne ya yaudare ni. Cikin mako biyu na ƙera taswira mai ban sha'awa, na baza duwatsu inda na ga fili ya yi yawa, na ja koguna inda ido ya so, na kafa babban birnin kasuwanci a tsakiyar hamada don kawai ya yi kyau a wurin. Abokai suka yaba, ni kuma kaina ya kumbura.

A dare na huɗu asirina ya tonu. Ɗaya daga cikinmu, injiniyan noman rani ne, yana wasa a matsayin fataken gishiri, ya ƙura wa taswirar ido ya ce: "Malam, mutanen birnin nan naka, me suke sha?" Na yi shiru. Ya ƙirga gidaje daga kogi zuwa birnin, ya sami tafiyar kwana goma babu rijiya ko ɗaya. Wani kuma ya tuna mini cewa a makon da ya gabata na ce manzon sarki ya je ya dawo cikin kwana huɗu. Injiniya bai ƙyale ni ba, ya nuna wani kogi da na raba biyu a kan tsauni, kowane reshe ya nufi tekunsa, ya ce: "Haba Malam, kai da kake auna ƙasa!" Aka yi dariya, amma wasan ya mutu a daren. Dalili kuwa a fili yake: idan nisa ba gaskiya ba ne, zaɓen hanya ba shi da ma'ana, kuma duk dabarar da suka ɓata dare uku suna ƙullawa ta tashi a banza. Sun amince da aljanu da dodanni ba tare da gardama ba, amma sun ƙi amincewa da ruwan da ke hawa tudu.

Na koma na rushe komai, na fara daga inda ya kamata, wato daga ƙasa. Na zana hoton tudu da gangare, fari alamar bisa, baƙi alamar kwari, sannan na bar ruwa ya bi gangarensa. Ƙananan rafuka suna haɗuwa su zama kogi, ba kasafai kogi ke rabuwa ba sai a fadama mai shimfiɗa ko a bakin teku. Gefen tsaunin da iska mai ɗauke da danshi ke bugawa shi ke samun ruwan sama, bayansa kuwa ya bushe, don haka a can hamada za ta zauna. Bayan ruwa ya sami hanyarsa ne na kafa garuruwa, kowanne da dalilinsa: wannan a mashigin kogi, wancan a mahaɗar hanyoyi, wani a gindin dutse saboda tsaro. Tsakaninsu na jera zango-zango da rijiyoyi gwargwadon tafiyar yini, yadda ayarin kakanninmu ke yi. Abin mamaki, sai labari ya riƙa fitowa da kansa. Inda duk hanya ɗaya ce tak ta ratsa tsauni, an sami mai karɓar fito, an sami ɗan fashi, an kuma sami dalilin yaƙi.

Sai dai kada a ɗauka ƙa'idojin nan sun ƙure ikon ƙasa. Da wani ya zana kogin Kwara a taswirar almara, da masu sukar taswira sun ce ya yi kuskure. Ga kogi ya taso daga tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga tekun Atlantika, amma ya juya wa tekun baya ya nufi hamada har kusa da Tambutu, sannan ya karyo kudu, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku a Nijeriya. Bai saɓa wa gangare ba ko sau ɗaya. Darasin shi ne, abin mamaki yana halatta a taswira matuƙar mai zane ya san dalilinsa.

Haka kuma, ba a teburin wasa kaɗai ake zana ƙasar da babu ita ba. A 1798 masanin taswira na Ingila James Rennell ya sanya wasu jerin tsaunuka da ya kira Duwatsun Kong a taswirar Afirka ta Yamma, wadda ta raka labarin tafiyar Mungo Park. Masu zane suka yi ta kwafar su daga juna har kusan shekara casa'in, sai da Bafaranshe Louis-Gustave Binger ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889 ya tabbatar babu su. Bambancin Rennell da mai zanen wasa shi ne, na biyun ya gaya wa kowa almara yake yi. Wannan ya sa na koyi barin fili fari a inda ban riga na yi tunani ba, maimakon in cike shi da ado. Manhaja tana iya haifar da nahiya sukutum da garuruwa ɗari cikin daƙiƙa kaɗan, amma yawan ado ba ya zama ilimi, sau da yawa ma rufe jahilci yake yi.

A nan ne maganar ta dawo gida. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna jan layi a takarda wanda wasu za su rayu a kansa: mai tsara unguwa, mai fitar da hanya, mai yanka filaye, mai zaɓar inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Ni kaina, bayan wancan daren, na ɗauko wani zanen filaye da na kusa miƙawa, na sake duba shi da tambayar Injiniya a zuciyata, sai na ga layin gidaje biyu na zaune daram a kan hanyar ruwa. Na san da kwarin tun ranar awo, amma zanen ya fi tsari a ido idan aka yi kamar babu shi. Na gyara, duk da cewa an rasa fuloti shida, mai filin kuma bai ji daɗi ba.

Kuskurena a taswirar wasa ya ɓata wa mutum biyar dare ɗaya ne kawai. Irinsa a taswirar gaske, damina ce za ta tona shi, a kan katangar wani bawan Allah da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru. Saboda haka duk wanda zai ja layi, a kwamfuta ne ko a takarda, ya fara tambayar kansa: ina ruwa zai bi, mutane me za su sha, kuma tafiyar ta kwana nawa ce?